Hancin Ɗakin Kakata

Akwai wani wari da gawayi ke yi a daidai lokacin da aka kunna shi, kafin ya gama kamawa. Ba warin hayaƙi ba ne sosai, ba kuma na toka ba. Mai shayin da ke kusa da tasha a nan Tambuwal yana tayar da shi kowace safiya idan yana fifita kaskonsa, ni kuma ta nan nake bi zuwa wurin aiki. A sauran watannin shekara ko lura ba na yi. Amma da zarar sanyi ya sauka, mutane sun cusa hannu a hammata suna jiran ruwa ya tafasa, sai in ga na tsallaka titi na bi ta ɗaya gefen. Ba tsoro nake ji ba, ba kuma baƙin ciki ba. Ƙafar ce kawai ke tsallakawa da ni. Na daɗe ina so in rubuta dalili ina fasawa, domin rabin abin da zan faɗa ban tabbata da shi ba. Zan yi ƙoƙari in nuna maka inda na sani da inda nake zato.

A wani ƙauye kusa da Fakku, cikin ƙasar Kebbe, aka haife ni. Gidanmu ne na ƙarshe kafin a gangara fadama, saboda haka mu sanyi ke fara samu kafin ya shiga gari. Nakan ji mutane suna cewa sanyin da ya fi na yanzu. Ban sani ba. Wataƙila sanyin ɗaya ne, mu ne ba mu da abin tare shi. Abin da na sani shi ne, idan ka tsoma hannu a randa da asuba sai ka ji kamar an daɓe maka yatsu da dutse. Dugaduganmu kan tsage har su yi jini, Inna ta narka man kaɗe a murfin tukunya tana ɗiga mana a cikin fason, muna ɗaga ƙafa muna hura baki. Leɓe kan bushe, dariya ma sai da dabara. Awaki su manne da bangon madafa, ko ka ɗaga musu kara ba sa motsawa. Da hantsi duk gidan mu fito mu jeru a jikin katangar da rana ke fara bugawa, babba da yaro, kowa da ƙoƙon kununsa. Babu mai cewa komai sai rana ta ratsa ƙashi.

Abin ɗumi biyu ne kawai muke da su, wuta da jikin ɗan'uwa. Wutar ma iri-iri ce. Karan dawa yana tashi fuu, ya haske fuska, ya mutu kafin bayanka ya san an hura wuta. Gungume shi ne wutar gaske. Tun da kaka Baba ke sarowa yana jibgewa a bayan rumbu, kuma babu mai taɓawa don girki. Na tsofaffi ne.

Tsohuwar gidanmu ita ce mahaifiyar Baba. Ɗakinta na ƙasa ne, ƙarami, da gadon ƙasa a ciki, irin wanda ake ginawa da rami a ƙarƙashi. Kullum da magariba sai a ɗebo garwashin gungume a kasko a tura cikin ramin nan, gadon ya yi ta ɗaukar zafi a hankali har ya kai mutum asuba. Kaka tana da dokoki biyu a kan wutar nan, ba ta kuma taɓa yi mana bayaninsu ba. Ta farko, ba a kawo mata garwashi sai ya gama ci, toka ta rufe shi ya yi fari. In ta leƙa ta ga sauran baƙi sai ta ce a mayar waje. Ta biyu kuwa, can sama kusa da rufi, ta ɓangaren fadama, akwai wata ’yar kafa da faɗinta bai wuce bakin ludayi ba. Hancin ɗaki take kiranta. Ba a toshe ta. Ta nan wani siririn sanyi ke saukowa kamar zare, ya sami mutum a wuya duk yadda ya ƙudundune cikin gwado.

A lokacin ɗari jikoki ke kwana a bayan tsofaffi, su ba su ɗumi su ma su samu. Yayyena duk sun yi nasu sun wuce, ni ne na ƙarshe a gadon nan. Maigida take ce mini, kamar yadda kakanni mata ke wasa da jikokinsu maza.

“Maigida, matso mana. In ba don ɗumin ga ba, mi za ni yi da miji marar gona?”

“Ni ba na son tsohuwa marar haƙori.”

“Buɗe naka in gani.”

Shekarar nan na gaban nawa duk sun zube. Sai ta yi ta dariya har tari ya sarƙe ta. Bayanta ƙashi ne zalla, yana ƙamshin hayaƙi da man kaɗe. Idan na motsa cikin barci sai ta miƙo hannu ta baya ta jawo ni, kamar mai gyara mayafi.

Kaciya ma da sanyi ake yi a wurinmu, don ciwon ya fi saurin kamewa. Shekarar da aka yi mana ina da bakwai, ko takwas, ban tabbata ba. Mu biyar muka yi jinya a zauren gidan wanzami. Kaka ta aiko mini da wani tsohon zanenta na saƙi, baƙi mai ratsin fari, shi na ɗaura har na warke. Da muka fito sai aka ce na zama namiji, ba sauran kwana a ɗakin mata. Aka shimfiɗa mini tabarma a ɗakin zaure tare da yayyena. Na yi murna, ba zan ɓoye ba.

Washegari a jikin katanga Kaka ta dube ni ta gefen ido ta ce, “To, an yi maka aiki ka zama babban mutum, ka sake ni cikin ɗari. Ba komi. Allah shina gani.”

Kowa ya yi dariya. Wasa take yi, yanzu na sani. Amma ni tun ina ƙarami ban iya barin magana ta wuce ba. Idan aka aike ni sai na maimaita saƙon a hanya har in isa, in dawo kuma ina tunanin ko na faɗa daidai. Maganar nan ta zauna mini. Ina kwance tsakanin yayyena cikin ɗumi, ina tuna zaren sanyin nan yana sauka a wuyanta, babu kowa a bayanta.

Abubuwa biyu suka haɗu a shekarar, ban san muhimmancinsu ba sai daga baya. Baba ya tafi cin rani kudu, sanyin kuma ya ja lokaci har gungumen da ya bari ya ƙare. Sannan Goggo, ƙanwar Baba, ta dawo gida da jaririyarta bayan rasuwar mijinta, ita ta karɓi hidimar Kaka. Da itace ya ƙare sai ta sayo gawayi a wurin wani mai jaki ranar kasuwa. A gidanmu ba a saba da gawayi ba. Na maƙera ne da masu guga.

Ranar da abin ya faru, bayan la’asar, Kaka tana waje tana bin sauran rana da tabarmarta. Na shiga ɗakinta da zanen nan na jinya. Na hau gadon, na dunƙule zanen, na sa sandarta ina tura shi cikin kafar. Sau biyu yana faɗowa. A na uku ya zauna, na ci gaba da dannawa har ɗigon hasken da ke sauka a bango ya ɓace. Na tsaya a daidai inda take sa kai, na saurara da wuyana. Babu iska. Na mayar da sandar inda take, na goge sawun ƙafata a kan gado. Ban gaya wa kowa ba. So nake da safe ta ce ta kwana da ɗumi ba ta san dalili ba, sannan in faɗa.

Da magariba na ga Goggo ta ratsa tsakar gida da kasko, tana tafe tana fifitawa da faifai, jaririyar tana tsala kuka a bayanta. Warin nan da na faɗa maka a farko, ranar na fara jin sa. Ta shiga, ta fito, ta tsaya za ta ja ƙyaure. Sai na ji muryar Kaka daga ciki.

“Maigida na nan? Ko sai da safe babu?”

Na zo bakin ƙofa na ce, “Yau za ki ji ɗumi.”

“Awo? Da wa?”

Na gudu ina dariya. Goggo ta ja ƙyauren.

Kaka ce ke fara tashi a gidanmu. Ƙarar butarta a kan dutsen alwala ita ke tayar da Inna. Da asubar nan ba a ji buta ba. Goggo ta ɗumama ruwa ta kai mata, ta daɗe a ciki. Ban tuna an yi kururuwa ba. Na tambayi kaina sau da yawa, na kasa tunawa. Abin da na tuna shi ne ina zaune a jikin katanga ni kaɗai, wani ya ba ni kunu, na shanye. Mata suna shiga suna fita. Aka ce tsufa ne da sanyi, dama tana tari. Aka ce ta yi kyakkyawan ƙarshe, ko juyawa ba ta yi ba, fuskarta kamar ta mai barci. Kafin azahar an kai ta. Baba bai iso ba sai bayan kwana huɗu.

Ranar sadakar uku na leƙa ɗakin. An kwashe shimfiɗa, an share ramin gado. Na ɗaga kai. Ɗigon hasken nan yana bango, inda ya saba zama. Babu zane. Abin da ya zo mini a rai shi ne, ashe ta gani ta zare da sandarta, ba ta ma ji ɗumin ba. Na ji haushi kaɗan. Iyakar abin da na ji ke nan. A lokacin babu abin da ya haɗa mini zanen da rasuwarta, babu kuma wanda ya yi maganarsa.

Sai da na kai aji biyu a jami’a sannan na haɗa su. Wani malami yana yi mana bayanin wata iska da gawayi ke fitarwa idan bai gama ci ba. Ba ta da launi, ba ta da wari nata na kanta. A ɗakin da iska ke shiga tana fita ba ta cika yin illa ba. A rufaffen ɗaki kuwa tana taruwa, ta sa mutum ciwon kai da nauyin jiki, in barci yake ba ya farkawa. Ya ce tsofaffi da jarirai ta fi saurin kayarwa. Na rubuta duka da kyakkyawan rubutu, na ja layi a ƙarƙashi don na ga alamar zai fito a jarrabawa. Ya kuwa fito. Na amsa daidai.

Daga ranar na fara aune-aune, kuma ban daina ba. Ɗakin ƙarami ne, amma ƙyauren tsoho ne, yana da tsaga a ƙasa. Gawayin ba shi da yawa, amma ban san ko nawa ba ne. Ta tsufa, tana tari, mai yiwuwa ko da babu komai daren nan ne nata. Na taɓa tambayar wani malamin addini, na ce labarin wani abokina ne. Ya ce ajali ba ya gaba ba ya baya, yaron da bai balaga ba kuma ba a rubuta masa laifi, balle ga niyyarsa ta alheri. Na yarda da wannan, har zuciyata. Sai dai ba ita ce tambayata ba. Tambayata ƙarama ce. Yaushe aka cire zanen? In da daren ta zare shi da kanta, to ba ruwana. In kuwa ya kwana a wurin, to ya kwana.

Mutum ɗaya ce za ta iya sani, Goggo. Na yi shekaru ina zuwa gaishe ta ina dawowa da tambayar a bakina. Inna ta rasu, Baba ya rasu, ita ma na ga ta fara rankwafawa. Sanyin bara na hau mota zuwa Kebbe, inda take zaune a gidan ’yarta, jaririyar nan ta bayanta, wadda yanzu ita ma tana da ’ya’ya huɗu.

Na same ta da yamma a ɗakin siminti mai silin da tagar gilashi. Tagar a rufe. A gaban ƙafafunta akwai kasko da gawayi.

“Goggo, ina wuni. Ya sanyi?”

“Lokacinai na. Kai kuma mi ya kawo ka tsakiyar mako, sun kore ka aiki?”

Na yi ta kewaye-kewaye. Na tambayi ƙafarta, na tambayi yara, na yi maganar tsohon gidanmu da ya rushe. Ta bar ni har na gaji. Sannan na ce, ko ta tuna ɗakin Kaka yana da wata ’yar kafa a sama.

Ba ta dube ni ba. Ta ɗauki tsinke tana juya garwashi.

“Ni nac cire shi,” ta ce. “Da safen nan, kafin mutane su shigo. Na sa shi murhu.”

Na ce, “Kin san ko na wane ne?”

“Zanen da na wanke sau nawa lokacin jinyarka?”

A waje yara suna rigima a kan wani abu, uwarsu tana raba su. Na zauna ina jiran in ji wani abu ya motsa a ƙirjina. Shekara talatin da ɗoriya ina shirin wannan amsa. Babu abin da ya motsa. Na lura dai tabarmar da nake kai ta fara warwarewa a gefe guda.

Can sai ta ce, “Ta faɗa mini. Da na tura kaskon ta leƙa tac ce, akwai sauran baƙi, mayar waje. Ɗiyar ga na ta kuka tun rana, kaina kamar shi tsage. Nac ce mata, Inna, yanzu shi cinye. Ta ƙyale ni. Ba ta taɓa ƙyale kowa ba sai ranar.” Ta ajiye tsinken. “Kai yaro ne. Ni fa?”

Na so in gaya mata abin da malamin addinin nan ya gaya mini, na ga ta fi ni saninsa. Na so in ce ƙyauren yana da tsaga, Kaka tana tari, babu wanda zai iya tabbatarwa. Duk gaskiya ne. Amma na fahimci ita ma ta yi waɗannan aune-aunen, ba tare da ta shiga aji ba, kuma ta riga ni farawa da shekaru masu yawa. Duk zuwan da nake yi ina kallon ta ina tsoron tambaya, ita tana kallo na tana roƙon Allah kada in tuna.

Na ce, “Allah ya jiƙanta.” Ta ce, “Amin.” Aka kawo tuwo muka ci.

Da zan tafi na miƙe na zuge tagar. Iska ta shigo.

“Rufe, ɗan nan, sanyi nika ji.”

“Kaɗan dai, Goggo.”

Ta dubi tagar, ta dubi kaskon. Ta ɗaga hannu ta haɗa babban yatsa da manuni, ta bar ɗan fili a tsakani.

“Kamar bakin ludayi, to.”

Na rage ta daidai haka.

Yanzu gidajenmu sun fi na da kyau, ba na musu. Yarana ba su san faso ba. Suna da rigunan sanyi da safa, akwai kuma wata ’yar hita da matata ta sayo, wadda ke yin ja idan an kawo wuta. Sai dai ba kullum ake kawowa ba, kuma idan aka ɗauke, kasko ne ke dawowa, a ɗakunan da aka gina su ruf, babu tsaga a ƙyaure, babu kafa a bango. Magina na yanzu ba sa yi wa ɗaki hanci. Ban ga laifinsu ba, babu wanda ya ce su yi. Su tsofaffin da suka san amfaninsa ba su bar mana dalili ba, doka kawai suka bari, ita kuma doka idan ba a san dalilinta ba yaro mai son kakarsa ma yana iya karya ta. Ni nawa yaran na faɗa musu dalilin, har sun gaji da ji. Matata ta daina yi mini magana a kan tagar da nake bari a buɗe. Ta ƙara wa yara bargo.

Har yau ban san ko mu ne ba, ni da Goggo. Ina ganin ba zan sani ba. Abin da ya canja kaɗan ne. Tun daga bara, idan sanyi ya sauka, nakan kira wayar ’yarta bayan magariba in ce a ba ni Goggo. Mu gaisa, in tambayi ƙafa, ta tambayi yara. Ba mu sake tayar da maganar ba. Amma kafin in kai ga abin da ya sa na kira, sai ta ce, “A buɗe take.” In ce to, sai da safe.